Vera Lynn da Sojojinmu na Yaƙin Bama: Ko Kakana Ya Taɓa Jin Muryarta?

"Assalamu alaikum Malam. Kwanan baya na kalli wani shiri a intanet kan wata mawaƙiyar Ingila mai suna Vera Lynn, wadda aka ce ta rasu tana da shekara 103. Na ga tsofaffin Turawa suna hawaye, suna cewa muryarta ce ke tuna musu da iyayensu da suka je yaƙi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne da aka ce har ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, ta je ta yi wa sojoji waƙa. Kakana na wajen uba, Allah ya jiƙansa, ya yi yaƙin Bama. Abin da ya bari lambobin yabo biyu ne a cikin gwangwani, da hoto ɗaya, sai 'yan labarai a bakin Goggona, babbar 'yarsa, wadda ita ma tsufa ya kama ta. Wace ce wannan mata, me ya sa suke ƙaunarta haka? Zai yiwu kakana ya ji ta a can? Mu kuma me ya sa ba mu da irin wannan abin tunawa?" Daga wata mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya jiƙan kakanki da rahama, ya ƙara wa Goggo lafiya da nisan kwana. Abu uku kika haɗa a tambayarki: tarihin matar nan da dalilin da mutanenta suka riƙe ta a zuciya, sai ko hanyarta ta taɓa gamuwa da ta kakanki, sai kuma yadda aka yi wasu suka adana yaƙinsu cikin murya guda, namu kuwa yana neman salwanta. Na daɗe ina zama da 'yan mazan jiya da iyalansu a Zariya da Kaduna da ƙauyukan kewaye, ina naɗar maganarsu tun zamanin kaset, shi ya sa ta ukun ta fi taɓa ni. Amma bari mu bi su daki-daki.

Wace ce ita

An haifi Vera Margaret Welch ranar 20 ga Maris 1917 a East Ham, unguwar masu ƙaramin ƙarfi a gabashin Landan. Mahaifinta mai gyaran famfo ne, mahaifiyarta ɗinki take yi. Tana shekara 7 ta fara waƙa a wuraren da ma'aikata ke taruwa su huta bayan an tashi aiki, tana shekara 11 ta ari sunan Lynn daga wajen kakarta. A 1935 aka fara jin ta a rediyo. Ki riƙe wannan asali nata, domin rabin amsar tana nan. Ƙaramin sojan Ingila ɗan lebura ne, ko ɗan mai tireda, ko ɗan mahaƙin kwal. Idan ya ji ta, 'yar unguwarsu yake ji. Ba ta kwaikwayon mawaƙan Amurka, ba ta lanƙwasa murya, kowace kalma tana fita sarai.

A 1939, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ta rera We'll Meet Again, waƙar da Ross Parker da Hughie Charles suka tsara. Zancenta gajere ne: mutum biyu za su rabu, ɗaya yana yi wa ɗaya alƙawarin sake haɗuwa. A farkon yaƙin jaridar Daily Express ta tambayi sojoji mawaƙin da suka fi so, suka zaɓe ta, daga nan laƙabin Masoyiyar Sojoji ya bi ta har kabari. A ƙarshen 1941 BBC ta ba ta shiri mai suna Sincerely Yours, wanda aka tsara shi kamar wasiƙa zuwa ga mazan da ke nesa. Tana karanta saƙonni, tana rera abin da aka roƙa, takan kuma je asibiti wajen matan sojoji da suka haihu, ta dawo ta sanar wa uban ta iska cewa an sauka lafiya, ga abin da aka samu. Ki ƙaddara mutum yana cikin rairayin Libiya, wata takwas rabonsa da gida, ya ji an ambaci sunansa an ce matarsa ta haifi 'ya mace.

Ba kowa ya so abin ba. Da Singafo ta faɗa hannun Japan a Fabrairu 1942, aka shiga neman wanda za a ɗora wa laifi, wasu 'yan majalisa da tsofaffin hafsoshi suka ce irin waɗannan waƙoƙi masu sa kewa suna kashe wa soja jiki. Shirin ya ɓace daga iska na fiye da shekara guda, BBC kuma ta kafa kwamitin tace waƙoƙi. Abin da masu sukar suke so mu mun san shi sarai, domin shi ne kiɗan yaƙi irin namu na dauri: makaɗi ya wasa jarumi, ya kirawo kakanninsa, ya tuna masa gudu abin kunya ne, har tsuma ta kama shi. Zuga tana da wurinta, ba na musu. Sai dai aikinta na ɗan lokaci ne kafin arangama. Yaƙi kuwa mafi yawansa jira ne, da ruwan sama, da zazzaɓi, da tunanin ko waɗanda aka bari suna nan lafiya. A wannan dogon jiran, abin da ke riƙe mutum shi ne ya tabbata akwai gida, kuma gidan bai manta da shi ba. A ganina sojojin sun fi masu sukar fahimtar kansu, shi ya sa wasiƙu ba su daina zuwar mata ba.

Tafiyarta Bama, da inda mazanmu suke a lokacin

A 1944, tana shekara 27, ta shiga ƙungiyar ENSA mai kai wa sojoji nishaɗi, ta nemi a tura ta inda mawaƙa ba su cika zuwa ba. Ta bar Ingila a watan Maris, ta bi ta Masar zuwa Indiya, ta gangara yankin Bengal da bakin iyakar Bama, ta koma gida a farkon Yuni. Abokin tafiyarta makaɗin fiyano ne, Len Edwards, da ƙaramar fiyano da ake ɗorawa a bayan babbar mota. Ta yi waƙa a filayen jiragen sama da sansanoni, ta kuma shiga asibitoci gado-gado tana zama da masu rauni. Lokacin ana tsakiyar gwabzawa da Japanawa a Kohima da Imphal, a gefen Indiya kusa da iyakar Bama. Runduna ta 14 da Janar William Slim ke jagoranta tana kiran kanta rundunar da aka manta, saboda hankalin Landan yana kan Turai. Mace ta taso takanas ta zo har inda suke, wannan ne ba su taɓa mance mata ba. A 1985 aka ba ta lambar Tauraron Bama, irin wadda nake kyautata zaton tana cikin gwangwanin kakanki.

To, ina namu suke? Sojojin Yammacin Afirka da suka je wannan yaƙi sun kai kimanin 90,000, fiye da rabinsu daga Najeriya, sauran daga Gold Coast, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. 'Yan Arewa suna da yawa ƙwarai a bataliyoyin Najeriya, Hausa kuma ita ce harshen bariki tun kafin yaƙin. An kasa su runduna biyu, ta 81 da ta 82, kuma amsar tambayarki ta dogara ne kan wacce kakanki yake ciki.

Idan ta 82 ce, magana ta ƙare. Wannan runduna ba ta baro Yammacin Afirka ba sai wajen Mayu 1944, ba ta shiga fagen Arakan, yankin gaɓar teku a yammacin Bama, ba sai Disamba. Su ne suka bi ta Buthidaung, suka haɗu da 'yan'uwansu na 81 aka ƙwace Myohaung a Janairu 1945. Kafin su sauka daga jirgin ruwa Vera ta riga ta koma Ingila.

Idan ta 81 ce, wadda aka kafa a Najeriya a 1943 ƙarƙashin Janar Woolner ta isa Indiya a shekarar, sai mu sake rabawa. An cire birged ta 3, mai bataliyoyin Najeriya na 6 da 7 da 12, aka ba dakarun Chindit na Orde Wingate, masu kutsawa bayan layin abokan gaba. A Afrilu 1944 jirage suka sauke su a bayan layin Japan, suka tsare sansanin da ake kira White City. Wanda ke can babu yadda za a yi ya ga mawaƙiya. Sauran rundunar tana yankin kwarin Kaladan, cikin duwatsu da ƙungurmin dajin gora. Babu hanyar mota sai wadda suka sara da adda da diga, mil 70 da wani abu, don ƙananan jif. Abinci da harsashi daga sama ake jeho musu da lema, kayan kuwa a ka ake ɗauka, domin rundunar tana da dubban sojoji 'yan dako maimakon motoci. A Maris Japanawa suka mayar musu da martani mai tsanani a wajen Kyauktaw, watannin da Vera take yankin su suna cikin janyewa da sake shiri.

Ƙofa ɗaya ce ta rage. Sansanin bayan wannan runduna yana Chiringa, a kan hanyar da ta tashi daga Chittagong ta yi kudu zuwa Arakan, hanyar da ita ma ta bi. Masu rauni da masu zazzaɓin cizon sauro kuma ana kwaso su zuwa asibitocin wannan yanki. Saboda haka idan kakanki direba ne, ko yana aikin sito a baya, ko yana kwance a asibiti tsakanin Afrilu da Mayu 1944, zai yiwu ya hango ta ko ya jiwo fiyanon. Iyakar abin da hujja za ta ba mu ke nan: zai yiwu, amma da wuya. Ba zan ce miki ya ji ta ba don kawai labarin ya yi daɗi.

A ce ma ya ji ta. Ɗaya daga cikin manyan waƙoƙinta, ta 1942, a kan fararen duwatsun gaɓar Dover take, waɗanda Bature ke fara hangowa idan jirgi ya doshi gida. Kewar kakanki tana wani wuri daban. Tsofaffin da na zauna da su, idan aka zo maganar abin da suka yi bege a Bama, goro suke fara ambata, sai tuwon dawa, sai sanyin hunturu, sai kiran sallar asuba na masallacin unguwarsu. Wani tsoho a wani ƙauye gabas da Zariya ya ba ni labarin ranar da suka faɗa wani ƙauyen Musulmi a Arakan. Ba sa jin harshen juna, amma da lokacin azahar ya yi sai ya ga wani dattijo yana alwala daidai yadda aka koya masa a makarantar allo. Ya ce ya jingine bindiga ya bi sahu. Yana ba ni labarin yana shafa hannunsa daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, yana nuna min, idonsa ya ciko. Abin da waƙar Vera ta yi wa Bature, wannan sahun sallar ne ya yi masa. Kuma akwai shaidar irin wannan zumunci a rubuce: Isaac Fadoyebo, sojan Najeriya da harsashi ya raunata a Kaladan a Maris 1944, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ne ya ɓoye shi tare da abokinsa ɗan Saliyo, David Kargbo, na wata da watanni har aka ceto su.

Me ya sa namu bai zauna ba

Kada ki ɗauka tsofaffin sojojin Ingila masu yawan ba da labari ne. Da yawansu, musamman na Bama, sun mutu ba su faɗa wa 'ya'yansu abin da suka gani ba. Bambancin shi ne suna da waƙar da ke magana a madadinsu. Uba zai yi shiru idan an sa faifan Vera, 'ya'ya su ga fuskarsa ta canza, su gane abin da bai faɗa ba. Hawayen da kika gani a shirin nan na wannan shirun ne. Sannan ƙasarsu ba ta bar muryar ta kwanta ba. An ba ta sarautar Dame a 1975. A 1995 ta rera a ƙofar fadar Buckingham wajen cika shekara 50 da ƙare yaƙi a Turai. A 2009, tana shekara 92, kundin tsofaffin waƙoƙinta ya zo na ɗaya a kasuwar Birtaniya. Ranar 5 ga Afrilu 2020, ana cikin kullen korona, Sarauniya Elizabeth ta rufe jawabinta da alƙawarin sake haɗuwa, kowa ya san inda ta ɗauko. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka, ranar 18 ga Yuni, Vera ta rasu a gidanta da ke Ditchling. Ita ma kanta ba ta saki tsofaffin sojojin ba, ta yi ta halartar tarukansu tana yi musu fafutuka har ƙarfinta ya ƙare.

Mu abin da ya fara cin mu rashin na'ura ne. A Ingila rediyo yana kusan kowane gida, faifan garmaho kuma yana kasuwa. A nan Sashen Hausa na BBC bai fara ba sai 1957. Labarin yaƙi a bakin mai karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo ake jin sa, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita. Mutum ɗaya ya karanta a zaure ko a gindin bishiya, jama'a su saurara. Waƙoƙin da sojoji suka yi ta rerawa a maci da cikin jirgin ruwa, da waɗanda mata suka yi a bakin dutsen niƙa don mazan da suka tafi, a baka suka rayu, mai ita na mutuwa ta bi shi.

Sai kuma batun yaƙin na wane ne. Baturen Landan bama-bamai sun sauka a kan rufinsa a 1940 da 1941, don haka yaƙin nasa ne, nasarar tasa ce. Namu mazan a ƙarƙashin tutar mai mulkinsu suka tafi. Wasu sun shiga da kansu don albashi ko jarumta ko gudun wata matsala a gida, wasu kuwa dagaci ne ya nuna su saboda an yanka wa ƙasarsa adadin da za ta kawo. Da suka dawo, akasari a 1946, sallamar da aka ba su ba ta taka kara ta karya ba. Masu sa'a suka samu aikin ɗan doka ko masinja ko gadi ko tuƙi, sauran suka koma gona da ciwon da ba a gani. A Accra, ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka yi tattaki don kai kokensu ga gwamna, 'yan sanda suka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Bayan 'yancin kai sabuwar ƙasa ba ta da sha'awar bikin yaƙin Turawa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya zo ya rufe shi, har ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta koma 15 ga Janairu. Wannan yana ci min rai, domin mutanen nan sun zubar da jini na gaske, ko da tutar ta wani ce.

Akwai kuma tarbiyyarmu. Uba Bahaushe ba ya zaunar da 'ya'yansa ya ce musu ya ji tsoro. Ga kawaici, ga kunya, musamman tsakaninsa da ɗan fari. A aikina na lura labarin yaƙi ta ƙofa biyu yake fita. Ɗaya jikoki, saboda wasan da ke tsakani yana sakin harshe, sai dai abin da ake ba jika yawanci na ban dariya ne da ban mamaki: giwayen da ke jan gungume, birai, matsattsakun da ke shiga takalmi, ruwan da ke zuba sati bai ɗauke ba. Ɗayar ƙofar matar aure ce, wadda ta san daren da yake firgita ya tashi yana kiran sunan wanda ba ta taɓa gani ba. Wannan kashi na biyu shi ne ainihin tarihin, shi ne kuma ya fi saurin ɓacewa.

Duk da haka ba hannu rabbana muke ba. Sa'adu Zungur ya rubuta Maraba da Soja don tarbar waɗannan mazaje, ya kuma ɗaura maganar 'yanci a kan dawowarsu. Ki neme ta ki karanta. Sunayen barikokinmu ma taswirar yaƙin ce: Dodan, Myohaung, Arakan, An da Tamandu a Legas, Letmauk a Ibadan, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Chindit a nan Zariya kusa da ke, Burma Camp a Accra, Kaladan a Tamale. Mutane na wucewa ta gabansu kullum ba su san wuraren da kakanninsu suka bi ba ne ake kira.

Kada kuma ki manta yaƙin ya taɓa waɗanda ba su je ba. Faɗuwar Malaya da Singafo, wadda ta jawo wa Vera suka a Landan, ita ce ta raba Ingila da kuzarta, sai aka juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi dubun-dubatar talakawa aikin tilas a ramukan kuza, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da dama. An matsa wa manoma kan gyaɗa. Gishiri da kananzir da yadi suka yi wuya. Jiragen yaƙi da ake haɗawa a Takoradi ta Gana suna sauka Kano da Maiduguri a kan hanyarsu ta zuwa Khartoum da Alƙahira. Ga yunwar da tsofaffi ke kira 'Yar Gusau a wannan tsakanin. Duk wannan yana cikin labarin gidanku.

Gwangwanin nan da Goggo

Ki fara da abin da ke hannu. Ki buɗe gwangwanin a kan farin ƙyalle da rana, ki ɗauki hoton kowace lamba gaba da baya. Kada ki goge su da toka ko lemun tsami. Tauraron Bama mai tsini shida ne, ƙyallensa ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Idan ɗayar tauraro ce mai ƙyalle ruwan rairayi da jan ratsi a tsakiya, ta Afirka ce. Wannan alama ce mai ƙarfi cewa yana cikin waɗanda suka fara yaƙar Italiya a Somaliya da Habasha, suka shiga Mogadishu a Fabrairu 1941, kuma waɗannan tsofaffin bataliyoyi, ta 1 da ta 2 da ta 3, runduna ta 82 suka bi zuwa Bama. Irin waɗannan lambobi yawanci ba a rubuta sunan mai su, don haka abin da ya fi su daraja wajen bincike shi ne lambarsa ta soja, wadda ta 'yan Najeriya ke farawa da NA. Ki duba bayan hoton, ki tambayi ko akwai littafin sallama ko takardar fansho a akwatin wani daga cikin baffanninki. Na sha ganin irin wannan takarda a naɗe cikin leda a ƙasan adaka, iyalin gida suna zaton rasiɗin haraji ne.

Lambar tana da muhimmanci saboda yadda aka rubuta sunayen mutanenmu. Magatakardan soja kan haɗa sunan mutum da garinsu ne kawai, sai ki tarar da masu suna ɗaya da gari ɗaya birjik, wani ma da sunan aro ya shiga. Idan an san bataliya, ma'ajiyar tarihi ta Birtaniya da ke Kew tana da kundin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum. Ba kasafai yake ambaton ƙaramin soja da suna ba, amma zai gaya miki inda suke a kowace rana, wanda shi ne zai warware batun Vera. A gida akwai ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji na jiharku. Idan Goggo ta ambaci abokinsa da bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da shafi a intanet da ake neman suna kyauta. A Taukkyan kusa da birnin Yangon na Bama akwai bangon tunawa mai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, 'yan Najeriya na ciki.

Amma duk waɗannan takardu za su jira ki. Goggo ce ba ta da lokacin jira, saboda haka da ita za ki fara, cikin makon nan idan da hali. Ki je mata da goro ko abin da take so, ki nemi izininta kafin ki kunna wayar, ki ajiye ta gefe yadda ba za ta tsone mata ido ba. Kada ki ce ta ba ki labarin yaƙin Bama, za ta ce ita me ta sani. Ki tambaye ta ƙananan abubuwa. Wa ya raka shi tasha? Wa ya riƙe gidan da ba ya nan? Ya taɓa aiko wasiƙa, wa ke karantawa? Da wane kaya ya dawo? Akwai abincin da ya daina ci? Yaya yake yi idan an yi tsawa? Tunda ita ce babba, wataƙila akwai kunya tsakaninsu, mafi yawan abin da ta sani daga mahaifiyarta ko kakarta ta ji. Duk abin da ta faɗa ki tambaye ta a hankali daga bakin wa ta samo, ki rubuta. Idan ta yi shiru, ki ƙyale shirun, kada ki cike mata. Idan ta yi kuka, ki kashe wayar ku yi masa addu'a, a ci gaba wata rana.

Abu ɗaya nake roƙonki da shi. Kada ki kunna mata waƙar Vera Lynn kafin hirar, kada ki karanta mata sunayen garuruwan da na lissafa. Tsoho yana son ya faranta wa jikansa, idan kika sa mata magana a baki za ta amsa, bayan shekara biyu gidanku duka zai rantse cewa kaka ya ga Baturiya tana waƙa a Bama. Na ga yadda irin wannan ke shiga labarin gida ya zauna daram. Ki bari sunayen su fito daga bakinta, ko da a karkace ne, daga baya ki gwada da taswira.

Sannan ki tambaye ta waƙa. Me yake rerawa idan yana gyaran keke ko yana alwala? Me mahaifiyarta ke rerawa a bakin niƙa ko wajen daka a shekarun da ba ya nan? Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma tsofaffi kan manta shekara da sunan gari amma amshi ya zauna. Wata tsohuwa a Tudun Wadar Kaduna ta shafe hira tana ce min ba ta tuna komai, da na tambaye ta abin da uwarta ke rerawa sai ta gyara zama, ta kama buga tafin hannu a cinya, ta kawo baiti huɗu cur, da sunan jirgin ƙasan da ya tafi da ubanta a ciki. Ko layi biyu Goggo ta tuna, ki naɗa, ki sa ta maimaita, ki rubuta kalmomin a takarda. A ranar ki tura wa mutum biyu ko uku cikin dangi, domin waya tana faɗawa ruwa, tana kuma ɓata.

Idan kin samo lambar NA ɗin, ko sunan bataliya, ko ma sunan wani hafsa da Goggo ta ji yana ambata, ki sake rubuto min mu duba inda suke a watan Afrilu da Mayu na 1944. Ki gaishe min da Goggo ƙwarai.